Turbobin keke na 18 Road a Fruita: abin da mai koyo zai tarar

Fruita ƙaramin gari ne a yammacin jihar Colorado ta Amurka, mutanensa sun ɗan haura 13,000 a ƙidayar 2020, kuma bai kai tafiyar rabin awa a mota daga birnin Grand Junction ba. Arewa da garin, a gindin tsaunukan Book Cliffs, akwai wani fili da hukuma ke kira North Fruita Desert, amma mahaya keke 18 Road suke ce masa, da sunan titin da ke kai mutum can. A wannan yankin ana ba tituna lamba ne gwargwadon nisansu da iyakar jihar Utah, wato wannan yana mil 18 daga iyakar. Filin na gwamnatin tarayya ne, hukumar kula da filayen gwamnati, BLM, ke kula da shi, kuma ƙungiyar mahaya keken daji masu sa kai ta COPMOBA, wadda aka kafa a 1989, tana da hannu sosai a gyaran turbobin.

Ga wanda ya iya keke a kan titi amma bai taɓa hawa a daji ba, wurin nan yana cikin mafi dacewa, da sharaɗi guda: ya tsaya kan turbobi uku, Prime Cut da Kessel Run da PBR, har sai hannunsa ya faɗa. Wasu daga cikin sauran da ke kusa da su, duk da daga fili ɗaya ake tashi, ba na mai koyo ba ne.

Abin da ya sa wurin ke da sauƙi shi ne ƙasar. Yumɓu ne da ya daskare ya yi sumul, duwatsu kaɗan ne, saiwoyi kusan babu. Itatuwan gajeru ne kuma a warwatse, don haka ana hango abin da ke gaba tun daga nesa. Kowace daga cikin turbobin uku kilomita uku ce ko da ɗan ɗori, kuma an tsara su ta fuska ɗaya: Prime Cut ta hawa ce, sauran biyun na gangarowa. Mai koyo ba zai yi fargabar karo da wani a tsakiyar kwana ba, kuma a duk zagaye yana dawowa kusa da inda ya ajiye mota. Idan ya gaji, ya gama ke nan, ba sai ya yi lissafin kilomita goma na komawa ba.

Prime Cut tana farawa daga gabashin filin ajiye motoci, ta ɗan gangara kwari, sannan ta riƙa hawa a hankali zuwa arewa tsakanin 'yan itatuwa. Hawan ba shi da tsanani, amma wurin ya haura mita 1,500 daga matakin teku, kuma wanda ya zo daga ƙasa mai kwari zai ji numfashinsa ya gajarta tun a kilomitar farko. Maganin shi ne giya mai sauƙi da juya feda da sauri, ba dannawa da ƙarfi ba. Kuskuren da aka fi gani a nan shi ne sauya giya bayan an riga an shiga tudu, ƙafa na danne da feda: sarƙa ta yi ƙara, ta tsallake, wani lokaci ta tsinke. A sauya tun ana hango tudun, a ɗan sassauta ƙafa daidai lokacin da sarƙar ke tsallakawa. Can wajen sama akwai 'yan wurare masu duwatsu. Duk wanda bai ga hanyar da tayarsa za ta bi ba, ya sauka ya tura, tafiyar taku kaɗan ce. Wanda kuma ke tare da yara zai iya barin Prime Cut gaba ɗaya ya bi titin motar da ya ratsa sansanin kwana zuwa sama.

Kessel Run ita ce ta farko da ya kamata a gangaro. Tana yammacin titin, tana bin wani ɗan kwazazzabo, ta hau gefen dama ta sauko ta hau na hagu, haka har ƙasa. Babu tsalle, babu rami mai zurfi, sai kwanoni a jere, don haka nan ne ake koyon birki da kwana. A tashi daga kan sirdi, feda biyu a daidaita su tsayi ɗaya, gwiwoyin hannu da na ƙafa a ɗan lanƙwashe, yatsa ɗaya kacal a kan kowane birki. A rage gudu kafin kwana, a saki birkin a cikinta, ido na kallon mafita ba tayar gaba ba. Mai kama birkin gaba da ƙarfi a tsakiyar kwana, tayar za ta zame a kan ƙurar da ke saman yumɓun, ya faɗi ta gefe. Mai dogara da na baya kaɗai kuma zai riƙa jan taya a ƙasa, keken bai tsaya ba, turbar ta lalace. Irin wannan jan tayar ne ke haifar da 'yan ramukan da ake tararwa a bakin kwanoni a ƙarshen kaka mai cunkoso, masu girgiza hannu har yatsu su yi sanyi.

Akwai wani abu game da birki da ya kamata wanda ya saba da babur ya kiyaye. A babur, hannun dama shi ne birkin gaba. A kekunan Amurka, har da na haya, dama na baya ne, hagu na gaba. A gwada su a filin ajiye motoci kafin a tashi, ko a roƙi shagon ya sauya su.

PBR, wadda ke gabashin Prime Cut, ta fi Kessel Run gudu. An jera mata 'yan tuddai masu santsi da kwanonin da aka ɗaga gefensu na waje. Dukkan tuddan ana iya wuce su taya biyu a ƙasa, kuma haka ya kamata mai koyo ya yi. Dabarar ita ce a bar keke ya taso zuwa ƙirji yayin hawa tudun, sannan a danna shi da hannu da ƙafa yayin sauka, sai ya ƙara gudu ba tare da feda ba. Wanda ya sandare jikinsa, ko ya zauna daram a kan sirdi, tudun zai cilla tayar baya sama, nauyinsa ya koma gaba, ya kifa ta saman kan keke. Yawancin faɗuwar da ake yi a PBR daga nan take zuwa, kuma ta fi samun mutum a zagaye na uku ko na huɗu, lokacin da ya fara jin ya gane hanya.

Inda wurin ke yaudarar baƙo shi ne Joe's Ridge da Zippity Do Da. Hotunansu ne aka fi yaɗawa, kuma daga ƙasa ƙasarsu sumul take kamar ta Kessel Run. Amma suna bin ƙoƙuwar tudu ne, siririyar turba da gangara hagu da dama, ga saukowa mai tsayi wadda birki ba ya tsayar da keke a tsakiyarta idan an riga an shiga. Da rana kuma iska kan taso ta bugi mutum daga gefe. Joe's Ridge sai bayan PBR ta zama wasa. Zippity Do Da kuwa a bar wa gwanaye. Alamomin da ke bakin turbobi suna bin tsarin da aka saba a Amurka: koren da'ira mai sauƙi, shuɗi mai kusurwa huɗu matsakaici, baƙin lu'ulu'u mai wuya.

Ruwan sama shi ne babban abokin gabar wurin, duk da abin da yankin ke samu a shekara bai wuce milimita 250 ba. Yumɓun na nau'in da ke kumbura idan ya jiƙe ne, ya koma kamar wanda maginan tukwane suka kwaɓa. Cikin 'yan mitoci sai ya naɗe taya, ya cushe tsakaninta da jikin keke har ta daina juyawa. Wanda ya ci gaba da danna feda a haka zai iya karya ɗan ƙarfen da ke riƙe da mai sauya giya na baya, ya dawo ɗauke da keken da nauyinsa ya ninka. Sawun tayar da ya bari kuma zai bushe ya zama kwari a tsakiyar turba na tsawon makonni. Ƙa'idar mutanen wurin ita ce: in taya na barin sawu, a juya. Shagunan keke na cikin gari, irin su Over the Edge Sports da ke aiki tun 1995, su ne wurin tambaya ko ƙasa ta bushe.

Lokacin zuwa shi ne Afrilu da Mayu, ko Satumba da Oktoba. A Yuli zafin rana kan kai digiri 34 ko fiye, inuwa kuwa kusan babu. Akwai masai da wurin kwana na biya, amma babu ruwan sha a filin, sai wanda aka ɗauko daga gari. A lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya ga kowace awa ta hawa, a bar ƙarin jarka a mota. Iskar a bushe take, gumi na ƙafewa nan take, shi ya sa mutum ba ya gane yawan ruwan da ya fita daga jikinsa sai ciwon kai ya fara. A ranakun Asabar da Lahadi na waɗannan watanni filin mota kan cika, masu gudu kuma suna taruwa a bayan mai koyo. Tsakiyar mako da sassafe ya fi.

Ba a buƙatar keke mai tsada. Mai shok a gaba kaɗai, da birkin faifai, da taya mai faɗin inci 2.3 zuwa 2.4, ya wadatar. Mai nauyin kilo 70 ya sa iskar psi (ma'aunin iskar taya) 22 zuwa 26 idan tayar marar tub ce, ko 28 zuwa 30 idan da tub. Iskar da ta yi yawa tana sa taya tsalle-tsalle ta zame a kwana, wadda ta yi kaɗan kuma bakin wili zai tsinke tub idan aka daki dutse. Tayar da ba tub, da ruwan liƙe huda mililita 90 zuwa 120 a ciki, ta fi, saboda ƙayar da ke gefen turba. Sirdi a sauke shi kafin gangara, ko da hannu ne. Hular kwano dole ce, haka safar hannu da tabarau. A jaka a sa famfo, tub guda, da maɓallin haɗa sarƙa wanda ya dace da yawan giyar keken.

Idan za a ba wani hanya, ba a kauce wa cikin ciyawa a kan keke. A tsaya, tayoyi a kan turba, a sa ƙafa ɗaya a gefe a karkata keken. Saman ƙasar yana da ɓawon ƙananan halittu da ke riƙe ta, wanda ke ɗaukar shekaru kafin ya farfaɗo idan aka taka, kuma da kaucewa ne siririyar turba ke zama hanyar mota.

Raunin 18 Road shi ne ba ta koyar da dutse. Mai son wannan ya nufi Rustler's Loop, kusa da Loma, a mafarin turbar Kokopelli, 'yan mintuna yamma da Fruita a kan babban titin I-70. Zagaye ne na kusan kilomita 6 a saman kogin Colorado, da alluna a gefen hanya masu bayanin yadda ake hawa ɗan matakin dutse, yadda ake ratsa yashi, da inda ake sauya giya. Hawan farko gajere ne amma yana da tsanani, kuma da yawa daga masu koyo turawa suke yi har su kai sama.