Ina Za Ka Kai Baƙo Cin Abinci A Legas?

Duk wanda ya kwana biyu a Legas ya san irin wannan kiran: "Ga ni na shigo, mun sauke kaya a kasuwar Mile 12, ina za mu haɗu?" Wataƙila kawu ne, wataƙila abokin ciniki. Ba kullum za ka iya jansa har gida Agege a ɗora masa tukunya ba, balle idan la'asar ta yi, titin Ikorodu ya cushe. Dole ka nemi wuri a waje, kuma wurin da ka zaɓa shi zai koma gida yana ba da labarinka da shi.

Bari in fara da wanda aka fi tambayata a kai, wato gidan abinci mai haɗe da mashaya. Asalinsa al'adar Ingila ce: gidan giyar unguwa inda ake ɗan sayar da abinci a gefe. Da ya zo Legas sai ya canza kama. Yanzu za ka tarar da fili ko zaure mai manyan talabijin, murhun gashi a gefe guda, kanta mai kwalabe a ɗaya gefen. Suna da yawa a titin Isaac John da ke Ikeja, da Adeniran Ogunsanya a Surulere, da Admiralty a Lekki, sai kuma cikin Victoria Island. Abin da ke jan mutanenmu can ba ɓoyayye ba ne: akwai kujera mai daɗi, akwai sanyi, janareta ba ya mutuwa, akwai banɗaki da wurin ajiye mota, kuma ba wanda zai tashe ka ko ka yi awa uku kuna lissafin buhunan albasa.

Abincinsu ma, a faɗi gaskiya, yana da daɗi. Farfesun tarwada da ake nuna maka a raye ka zaɓa, gasasshen kifi da soyayyar doya, asun na Yarabawa wanda naman akuya ne da aka babbaka aka cika masa attaruhu, nkwobi da isi ewu na Ibo, wato ƙafar saniya da kan akuya a cikin manja. Wanda bai saba da yajin Kudu ba ya yi hattara da asun, don ba ya gargaɗi.

To amma akwai giya, kuma ba a ɓoye take ba. Ga Musulmi wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma malamai da yawa suna ganin nisantar wurin gaba ɗaya ya fi. Ba fatawa na zo bayarwa ba. Na dai san wasu ba sa taka ƙafa sam, wasu suna shiga da rana don ciniki ya kai su, kuma 'yan'uwanmu Kiristoci na kudancin Kaduna da Filato da muke jin Hausa tare ba nan damuwarsu take ba. Abin da zan ce shi ne, gida ɗaya ne amma fuska biyu gare shi. Daga azahar zuwa la'asar kusan gidan abinci ne kawai, shiru, tebura rabi babu kowa. Bayan isha'i, musamman Juma'a da Asabar ko ranar da Arsenal ko Chelsea ke wasa, kiɗa da hayaƙin shisha za su hana ka jin abin da na kusa da kai yake faɗa. Kada ka auna wuri da ziyarar rana sannan ka kai dattijo da dare.

Idan ka yanke shawarar shiga, naman shanu ba shi ne babban abin shakka ba, tunda mayankar Oko-Oba da ke nan Agege tana cikin manyan wuraren da naman garin ke fitowa, kuma mutanenmu sun cika ta. Inda gizo ke saƙa shi ne murhu da mai. Gidajen da ke kwaikwayon girkin Turawa sukan sayar da haƙarƙarin alade da tsiran alade, kuma a kan waya ɗaya ake gasa su da kazarka idan ba a ware ba. Wasu sukan kwaɓa fulawar suyar kifi da giya, wasu su zuba ta a romon nama. Sai Chapman, jan abin shan nan da kowa ke ɗauka lemo ne zalla: a yadda aka saba haɗa shi ana ɗiga masa Angostura, wani ruwan ɗaci na kwalba, wadda kashi 44.7 cikin 100 nata barasa ce. Digo kaɗan ne, amma wanda ba ya so ya ce a cire tun wajen oda, ko ya tsaya a Maltina da ruwan gora da aka buɗe a gabansa.

A nan ne nake gane gidan kirki, ba a fitilu ko kujeru ba. Ka tambayi mai kawo abinci, "Kuna gasa alade a murhun nan?" Idan ya yi caraf ya ce babu komai tun ba ka rufe baki ba, so yake ka yi oda ya wuce. Idan ya ce bari ya tambayo kicin, ya tafi ya dawo da amsa, ko da amsar ba ta yi maka daɗi ba, to an koya masa aiki. Wata yarinya a wani gida a Ikeja ta taɓa dawowa ta ce mini, "Alhaji, kazar kada ka ci, waya ɗaya ce. Farfesun kifi tukunyarsa daban." Ta rage wa gidan ciniki a ranar, amma na koma ya fi sau goma.

Akwai kuma gwajin bakin ƙofa, wanda duk mai kaftani da hula ya san shi. Na taɓa zuwa wani gida a tsibiri, mai gadi ya tare ni da "Aboki, wa kake nema?", ya ɗauka canjin dala na kawo wa wani. Kalmar tamu ce, mai kyau ce, amma kowa ya san yadda ake furta ta a Legas idan ana son a ƙasƙantar da kai. Ban yi faɗa ba. Na juya. Inda aka raina ka a ƙofa, a ciki ma sai an gama da teburin masu kwat kafin a waiwaye ka, kuma ba na son baƙona ya ga haka.

Maganar kuɗi ita ce ta fi ba mutane kunya. Farashin da ke rubuce a takardar abinci sau da yawa ba shi za ka biya ba. Akwai harajin VAT na tarayya, kashi 7.5, tun Fabrairun 2020. Akwai na jihar Legas, kashi 5 a kan abin da aka ci aka sha a otal da gidajen abinci, bisa dokar 2009. Sannan gidaje da yawa suna ɗora kuɗin hidima, wani kashi 5, wani 10. A ce kun ci na naira 20,000: VAT 1,500, na jiha 1,000, hidima 2,000, sai ga 24,500 a takarda. Ka duba ƙasan takardar abincin, da ƙananan haruffa suke rubuta ko haraji na ciki ko babu. Tarwada kuwa da girmanta ake yi mata kuɗi, don haka a faɗa maka farashi tana cikin ruwa, ba bayan an buge mata kai ba. Kuma ka sani girkinta yakan ci kusan awa. Mai yunwa ya sa a fara kawo doya.

Kuɗin hidimar nan ba lallai ne ya isa hannun wanda ya yi maka hidimar ba. Idan ya kyauta, ka damƙa masa tukuici a hannu.

Gidajen abincin gaggawa, irin su Chicken Republic da Sweet Sensation da Tantalizers, da Mr Bigg's da ya fara a Marina tun 1986, ba su da dogon bayani. Farashi na jikin allo, ka biya kafin ka ci, galibi babu giya, akwai sanyi. Iyali da yara nan ya fi musu. Sai dai ba wanda zai zo teburinka, kuma da tsakar rana layi yakan yi tsawo. Ba wurin da za ka karrama mutum ba ne, wurin kashe yunwa ne cikin mutunci.

Buka kuwa, rumfar amala da ewedu (miyar lalo) da gbegiri (miyar wake), ita ce mafi araha, kuma a ganina ita ce abincin Legas na gaske. Kana gani ana kwashe maka daga tukunya, ka nuna yankan da kake so, akuya ko ganda ko tumbi. Iya mai abinci ba ta da lokacin murmushi, za ta iya daka maka tsawa ka matsa, amma ba za ta ƙara maka sisi a kan abin da ta faɗa ba. Zafi ne da hayaniya. Matashi ɗan'uwanka ka kai shi ya sha mamaki. Dattijon da bai saba da miya mai yauƙin ewedu da jan manja ba, kada ka jarraba shi ranar farko.

Saura namu. Teburin mai tsire da rumfunan tuwo da masa suna nan a Agege, Idi-Araba, Obalende da cikin Mile 12 kanta. Wasu wuraren tsiren ma sun yi sunan da manyan motoci ke layi a gabansu, kamar na Glover Court a Ikoyi da na titin Allen a Ikeja. A nan ba ka da tambayar yanka, ba ka da tambayar murhu, za a ba ka ɗanɗano kafin ka saya, a ce maka "Sannu da zuwa, Alhaji, ya hanya?" kuma masallaci ko shimfiɗar salla ba ta nisa. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. A gidan mashaya idan magariba ta kama ka, sai dai ka roƙi masu gadi su ara maka buta da ɗan kwali a bayan gida, in ka yi sa'a 'yan Arewa ne. Aibin namu kuwa mu faɗa da bakinmu: benci ne a bakin titi, ƙura da hayaƙin motocin haya na danfo, babu banɗaki, kuma idan ruwan Yuni ya sauko taro ya watse. Ba za ka baza takardun ciniki a kan teburin da mai ke ɗiga ba.

Don haka ni ga yadda nake yi. Dattijo ko malami daga gida, wajen namu kai tsaye, ko in sayi balangu mu tafi masauki. Abokin ciniki Bayarabe ko Ibo da za mu yi doguwar magana, gidan mai mashayar da na riga na gwada, tsakanin azahar da la'asar, teburin da ke nesa da kanta. Kuma duk inda za ni ina riƙe da tsabar kuɗi, don na'urar POS takan ƙi, taransifa kuma sai alat ya shigo musu kafin su bar ka ka fita. Wanda ya ga wahalar takardun naira a farkon 2023 ba ya buƙatar a tuna masa.

Zuwan Kawu na baya-bayan nan, na yi niyyar burge shi, na kai shi gidan nan na Ikeja da rana. An kawo farfesun, ya sha, ya yi gumi, ya yaba. Da takardar kuɗi ta zo ya karɓa ya sa tabarau, ya bi ta layi-layi har ƙasa, sannan ya ɗago ya ce, "Kai yaro, wannan kashi biyar ɗin wa ya ci shi? Ni dai ban ga an kawo ba." Washegari da kansa ya ce mu je Agege wajen mai masa.