Zarton Tebur Mai Araha Ko Mai Nauyi: Wanne Ya Dace Da Ɗakin Aikin Katako Na Gida?

Malam, ka tambaye mu ko ƙaramin zarton tebur mai aiki da lantarki, irin mai arahar nan, zai wadatar da kai a ɗakin da ka keɓe a gida domin haɗa kantoci da akwatuna da ƙananan tebura, ko kuwa gara ka yi haƙuri har ka tara kuɗin babba. Amsata ita ce zai iya wadatar da kai, amma ba ƙarfin injinsa ne abin da ya kamata ka fara dubawa ba, ko da yake shi ne masu sayarwa suke rubutawa da manyan haruffa a jikin kwali.

Idan aka ajiye su biyun gefe da gefe, faifan yankansu yawanci ɗaya ne, mai faɗin milimita 254, wato inci 10, kuma dukkansu suna iya ratsa katako mai kaurin kusan milimita 75. Bambancin yana ƙarƙashin tebur. Mai araha yana da inji mai burushin kabon (ƙananan guntayen kabon da ke isar da wuta ga ɓangaren injin mai juyawa) wanda ke juya faifan ba tare da bel ba, shi ya sa yake da ƙara mai tsanani, yake saurin ɗaukar zafi, kuma burushin yana cinyewa har sai an canza shi. Babban yana da inji marar burushi wanda ke juya faifan ta hanyar bel, yana aiki yini guda ba tare da gajiya ba, kuma teburinsa na ƙarfen zubi ne mai nauyin da ke shanye girgiza. Mai araha mutum ɗaya yana ɗaga shi. Babban yakan haura kilo 100. Ga wanda zai yanka falanki goma a ƙarshen mako, wannan bambanci bai kai a yi masa dogon tunani ba. Ga wanda zai riƙa tsaga katako mai tauri da kauri kullum, shi ne komai.

Inda araha take nuna halinta da gaske shi ne sandar jagora, wato wadda ake jingina katako a jikinta yayin tsagawa. A babban zarto, idan ka kulle ta, ta zauna ke nan, daidai da layin faifan daga gaba har baya. A yawancin masu araha kuwa, za ka kulle ta a gaba amma wutsiyarta ta goce da milimita ɗaya ko biyu, kuma wannan ɗan gocewar ita ce ke sa ka ga gefen katako ya ƙone ya yi baƙi, ko ka haɗa ɓangarori biyu ka tarar da giɓi a tsakaninsu wanda gam ba zai rufe ba. Kafin ka biya, ka kulle sandar, ka tura ƙarshenta na baya da babban yatsa. Idan ta motsa, ka bar shi. Sannan, bayan ka tabbatar an cire shi daga wuta, ka ɗaga faifan har ƙarshe, ka auna tazarar haƙori ɗaya daga dogon miƙaƙƙen ramin da ke kan tebur a gefen faifan, ka juya wannan haƙorin zuwa baya ka sake aunawa. Awon biyu ya kamata su zo ɗaya. Ka kuma kama faifan ka girgiza shi gefe da gefe, domin idan yana rawa tun yana sabo, boris ɗinsa ba mai kyau ba ne.

Gocewar sandar ba ɓata aiki kaɗai take yi ba. Idan katako ya matse tsakaninta da haƙoran baya, waɗanda ke tasowa sama, faifan yakan ɗauke shi ya jefo shi kan mai aiki da ƙarfin gaske, wani lokaci ya ja hannu zuwa ga haƙora. Abin da ke hana wannan shi ne siririn ƙarfen da ke tsaye a bayan faifan, wanda ke hawa da sauka tare da shi yana hana tsagar rufewa. Zarton da ba shi da wannan ƙarfe, ko murfin faifai, ban ba ka shawarar sayensa ba komai arharsa. Akwai zartunan kamfanin SawStop na Amurka, da suka shiga kasuwa a 2004, masu tsayar da faifai cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa da zarar ya taɓa fata, amma ba a rukunin masu araha suke ba, don haka sandar tura katako ita ce za ta tsaya tsakanin yatsunka da haƙora.

Ana cewa araha ba ta ado, amma a nan akwai gyara ɗaya mai sauƙi da ke canza zarton ƙwarai: ka cire faifan da ya zo da shi ka sa mai kyau. Mai haƙora 24 na tsagawa ne a tsawon katako, mai 60 zuwa 80 na yanke katako ta faɗinsa ne da yanka filawud (falankin da aka haɗa da siraran katako), mai 40 kuma yana yin duka biyun gwargwado. Ka zaɓi siriri, mai tsagar kusan milimita 2.4 maimakon 3.2, domin ƙaramin inji ya fi samun sauƙin jan sa.

Abu ɗaya da ƙaramin tebur ba zai taɓa yi maka da kyau ba shi ne yanka cikakken filawud mai milimita 1,220 a faɗi da 2,440 a tsawo, domin nauyinsa yakan rinjayi teburin. Idan mafi yawan aikinka kantoci ne na filawud, zarton hannu mai lantarki, mai faifan milimita 185, tare da miƙaƙƙen katako da ka matse a matsayin jagora, zai fi yi maka amfani, sai ka bar wa zarton tebur tsaga ƙananan guntaye.