Manhajar Mixed In Key a Gaban Kiɗan Ogan na Bach

Manhajar Mixed In Key ta fito tun 2006, kuma masu haɗa kiɗa a wuraren taro ne aka yi wa ita. Aikinta shi ne ta saurari waƙa, ta faɗi mazaunin sautinta da yawan bugunta a minti ɗaya, sannan ta ba ta maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon ƙarfinta. Ta kuɗi ce, tana aiki a kwamfutocin Windows da Mac, kuma tana rubuta sakamakon a jikin fayil ɗin, yadda manhajojin haɗa kiɗa irin su Serato ko rekordbox ko Traktor za su karanta shi. Na so in ga iyakar amfaninta, don haka na ba ta kiɗan da ba dominsa aka gina ta ba, wato Toccata da Fugue a mazaunin D mino, mai lamba BWV 565, wanda ake danganta wa Johann Sebastian Bach, makaɗin ogan na Jamus da ya rasu a 1750. Ogan babban kayan kiɗa ne da ake yawan samu a majami'u, wanda iska ke fitar da sautinsa ta bututu.

A batun mazaunin sauti manhajar ta gamsar da ni ƙwarai. Tana amfani da da'irar Camelot, wadda aka tsara kamar fuskar agogo mai lambobi 12, inda harafin A ke nufin mazauni mai sautin juyayi, wato mino, B kuma mai sautin walwala. D mino yana kan 7A, kuma abin da ta ba ni ke nan a kan faifan da aka ɗauka da ogan na zamani. Ƙa'idar mai sauƙi ce: daga 7A ana iya wucewa zuwa 6A ko 8A ko 7B ba tare da sautuka sun yi karo ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kiɗan da kansa yana bin wannan hanya, domin a sashe na biyu, bayan jigon ya shigo a D mino, amsar da ke biye masa tana zuwa ne a G mino, wanda shi ne 6A, maƙwabcinsa na kusa a da'irar. Dangantakar da makaɗan ƙarni na 18 suka sani da kunne da alƙalami ita ce aka mayar lambobi don sauƙaƙa wa mai aiki cikin gaggawa.

Sai dai akwai abin da mai amfani da ita ya kamata ya sani game da ogan ɗin kansa. A yau galibin kayan kiɗa ana daidaita sautin da makaɗa ke kira A (ba harafin A na da'irar ba) a kan girgiza 440 a daƙiƙa, amma tsofaffin ogan na Jamus da dama an gina su sama da haka. Babban ogan da Gottfried Silbermann ya kammala a majami'ar Freiberg a 1714 yana kusan 476, wato ya zarce rabin mataki (tazarar da ke tsakanin sauti da wanda ke biye masa) sama da ma'aunin yau. Idan aka kaɗa D mino a kansa, abin da ke fitowa daga bututun ya fi kusa da 2A, ba 7A ba. Manhaja sautin da ya shiga faifai take aunawa, ba abin da aka rubuta a takarda ba, saboda haka duk wanda ya ga lambar da ba ta dace da sunan kiɗan ba, ya fara bincika wane ogan aka kaɗa kafin ya yi zargin kuskure.

Saurin kiɗa ne wurin da ba na shawartar kowa ya dogara da lamba guda, ko daga wace manhaja ta fito. Farkon kiɗan yana tafiya a hankali tare da dogayen tsayawa, nan da nan ya koma gudu mai tsanani, kuma a ƙarshensa saurin yana sauyawa sau da dama cikin 'yan layuka kaɗan. Babu ganga da ke riƙe da awo, sannan amsa-kuwwar ginin majami'a tana sa sauti ya daɗe yana rataye a kan wanda ke biye masa. Sashe na tsakiya, wato na biyun, shi ne kawai yake da tafiya madaidaiciya, shi ma kowane makaɗi da irin saurinsa.

Hanyar da ta yi mini aiki ita ce yanke kiɗan sashe-sashe kafin a ba manhajar, a auna sashe na tsakiya shi kaɗai, a bar buɗewar ta shigo ba tare da bugu a ƙarƙashinta ba, a kan wutsiyar wata waƙa mai 7A ko 8A. Ga mai tarin waƙoƙin rawa, kuɗin manhajar ba asara ba ne. Wanda ogan kaɗai yake sa wa hannu kuwa zai amfana da lambar mazaunin sautin, amma saurin sai ya ƙidaya shi da kansa, sashe bayan sashe.