Katin ɗaukar yara a makarantun Katolika: yana aiki, sai dai Juma'ar azumi kan kwance masa zani

Wasu makarantun firamare na Katolika sun koma sallamar yara da kati. Farkon zango ake ba kowane gida kati biyu da aka rufe da leda, ɗauke da sunan yaro, ajinsa, hoton fasfo ɗinsa da lambar wayar iyaye. A ofis kuma akwai fom mai sunaye da hotunan mutum biyu ko uku da aka yarda su ɗauke shi. In an tashi, mai ɗauka ya miƙa kati a ƙaramar ƙofa, maigadi ya kira suna, malamar aji ta fito da yaron, a sa hannu a rajista tare da rubuta lokaci. Wanda ba shi da kati ya wuce ofis, a kira uwa ko uba da lambar da ke cikin fayil. Wannan ita ce ƙashin bayan tsarin, domin in aka yarda a kira lambar da baƙon ya bayar da bakinsa, an yi aikin banza ke nan.

Daga Litinin zuwa Alhamis, abin a yaba ne. Kati ba ya bukatar caji ko intanet, kuma kaka da ba ta iya karatu ba za ta iya riƙe shi a bakin zani. Rauninsa sananne ne: sabo. Bayan 'yan makonni maigadi ya haddace fuskoki, sai ka ji "Baba, ai ka san ni," ya buɗe. Direban da aka kora jiya fuskarsa ba ta canza ba, haka ma mai Keke Napep da aka daina hulɗa da shi. In iyaye ba su sanar da ofis a rubuce ba, katin da ke aljihunsa yana nan da ƙarfinsa. Makarantar da ta san abin da take yi kan sauya launin kati kowane zango, ta kuma soke wanda ya ɓata a ranar da aka kai rahoto.

Inda tsarin ke tangal-tangal shi ne lokacin azumin kwana 40 kafin Ista. A 2026 Larabar Toka, ranar da ake fara wannan azumi, ta kama 18 ga Fabrairu, Ista kuma 5 ga Afrilu, wato tsakiyar zango na biyu har zuwa jarrabawa. A makonnin nan makarantu kan kai yara coci ranar Juma'a don Hanyar Gicciye, wato addu'ar tunawa da wahalar Yesu a kan hanyar gicciye shi, mai tashoshi 14, abin da kan ci kusan rabin awa ko fiye in ana waƙa tsakanin tasha da tasha. Galibi ana ajiye ta ƙarshen yini. To an tsara katin ne a kan yaro yana cikin aji, ƙofa ɗaya ce, malama ɗaya ce ke riƙe da shi. A coci duk ukun sun rushe. Azuzuwa sun cakuɗe a benci, harabar cocin tana da ƙofarta da ba a hana masu ibada shiga, iyaye kuma sun shigo sun zauna a baya. Fada na sa albarka, uwa ta kama hannun ɗanta ta fice ta ƙofar coci, ba kati ba rajista. Malama ta koma aji ta ƙirga, ta ga babu mutum biyu, ba ta san ko gida suka tafi ko bakin titi wajen mai ƙanƙara ba.

Ƙara da cewa Juma'a ce. A unguwannin da ke kusa da masallacin Juma'a, hanya kan cushe daga wajen ƙarfe ɗaya, masu ɗauka su makara, yara su daɗe a tsakar gida cikin zafin Maris.

Gyaran bai da tsada. A matsar da Hanyar Gicciye zuwa kafin hutun cin abinci, ko a tabbatar an gama ta da saura minti 30 a tashi. A ƙirga yara sau uku: kafin a bar aji, a bakin coci, da bayan an dawo. Kowane layi ya kasance da babba a gaba da babba a baya, 'yan nasare kuma su riƙe igiya mai ƙulli-ƙulli. Kada a sallami kowa daga coci, ko da ɗan shugaban kwamitin iyaye ne. Nan ne Sista shugabar makaranta ke bukatar taurin kai, don masu karya wannan doka yawanci manyan coci ne da maigadi ke jin nauyinsu. Sanarwar sauyin lokaci ta fita tun Laraba, a takarda da kuma WhatsApp, saboda ba mai karanta saƙon ne ke zuwa ɗaukar yaron ba.

Ta fuskar azumin kansa, makarantu da yawa ba sa yi wa iyaye bayani yadda ya kamata. Dokar Cocin Katolika ta ɗora ƙaurace wa nama a Larabar Toka da ranakun Juma'a ne a kan wanda ya cika shekara 14, azumi kuma daga 18 zuwa 59, a Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau, wato Juma'ar ƙarshe kafin Ista. Ɗan aji uku ba ya cikin ko ɗaya. Duk da haka akan samu yaro ya zo ba abinci ba gorar ruwa, wai yana azumi, rana ta take ya fara jiri a layi. Ko manyan ma ba a hana su ruwa ba. Inda makaranta ke dafa abinci, sauya nama da kaza zuwa wake, alale, ƙwai ko kifi ranar Juma'a ya wadatar, amma a duba fom ɗin lafiya tukuna, domin akwai yaran da kifi ko gyaɗa ba sa karɓarsu. Asusun sadaka a aji kuwa dabara ce mai kyau, muddin ba a karanta wa yara sunan wanda ya fi sakawa.

Sai batun yaran da ba Katolika ba, Musulmi da 'yan sauran ɗariku, waɗanda ba kaɗan ba ne a makarantun mishan. Tokar da ake shafawa a goshi, wadda ake samu daga ƙona ganyen dabinon Lahadin Dabino na bara, kada ta taɓa goshin yaro sai da yardar iyayensa a rubuce. Waɗanda ba za su shiga coci ba a haɗa su a aji ɗaya da malami takamaimai da jerin sunayensu a hannunsa. Su ne aka fi mantawa da su, don hankalin kowa ya koma coci.

A ranakun yau da kullum tsarin ya ci takwas cikin goma. A Juma'ar azumi, in ba a yi gyaran nan ba, biyar ma an yi masa alfarma. Kafin Larabar Toka, iyaye su tambayi shugabar makaranta ta wace ƙofa ake sallamar yara bayan Hanyar Gicciye, da kuma wa ke tsaye a ƙofar coci a lokacin.