Sun sabunta mana na'urori cikin dare, duk rassanmu suka wayi gari babu netwok

Da a watannin farko aka tambaye ni game da wannan sabis ɗin na na'urorin netwok da ake sarrafawa ta intanet, tauraro biyar zan ba shi ba tare da dogon tunani ba. Yau biyu na ba shi, su ma don albarkacin waɗancan watannin ne.

Ni ke kula da netwok ɗin wani kamfanin sayar da magunguna mai hedikwata a Kano da rassa a Kaduna, Katsina, Dutse da Gusau. A da, duk rautar (na'urar da ke haɗa ofis da intanet) da ta yi gardama sai an shiga mota an je mata. Sai muka sayi na'urorin masu wannan sabis ɗin, irin waɗanda ake sarrafawa daga girgijen intanet, wato daga kwamfutocin kamfanin da ke can nesa. Kana zaune a ofis ka buɗe shafi ɗaya, ga kowace rauta, ga kowane suwic (akwatin da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna), ga wanda ke cinye data a wane reshe. Na kai na'ura tasha na ba direba, ya sauke ta a Gusau, yaron kanti ya jona mata wuta da waya, ta nemo saitinta da kanta ta kama aiki. Wallahi ranar na ji daɗi. Idan babban layin intanet ya yanke tana komawa kan sim ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ko ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanoni suka shiga wani hali, shafin nasu ya yi nauyi ƙwarai amma na'urorin sun ci gaba da aiki da saitin da ke cikinsu. Na yaba musu a lokacin, har na tallata su ga abokan sana'a.

To, ga abin da ya ɓata komai. A cikin saitinsu akwai wurin da kake zaɓar lokacin da za a sabunta manhajar na'urori, kuma na saita shi a kan sai na amince. Wata safiya, ƙarshen wata, lokacin da asibitoci ke turo odar magani, tun kafin na fito daga gida waya ta fara ruri. Manajan Kaduna ne: "Malam, komai ya tsaya, ba ma ganin kaya a kwamfuta." Ina ajiyewa na Katsina ya kira, sai na Dutse. Na buɗe shafin, kowane reshe ja. Ashe cikin dare sun tura sabuwar manhaja zuwa duk na'urorinmu a lokaci guda, wai gyaran tsaro ne na gaggawa, irinsa kuma ba ya jiran amincewar kwastoma. Sanarwar da suka ce sun aiko, akwatin dillalinsu ta shiga, mu ba mu gan ta ba.

Sabuwar manhajar ta ƙi jituwa da yadda babban layinmu ke tantance mai shiga, sannan ta daina ganin modem ɗin sim. Hanyoyi biyun da muke taƙama da su suka mutu tare. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maɓallin komawa tsohuwar manhaja yana nan a gabana, ina kallonsa, amma a girgije yake. Na danna, ya ce umarni yana jiran na'ura ta haɗu. Na'urar da ba ta da intanet, ta ina za ta ji umarnin? An kulle ɗaki ne makullin yana ciki. A takardunsu sun rubuta cewa na'ura za ta koma tsohuwar manhaja da kanta idan sabuntawa ta lalace. Ba ta koma ba, domin a wurinta ta tashi lafiya, fitilunta suna ci. Shafin da ke cikin na'urar kanta, wanda ake shiga da waya idan ana kusa, kusan kallo kawai yake bari a yi.

Na rubuta musu ƙorafi. Saƙon inji ne ya fara dawowa, yana tambayata ko na gwada kashewa da kunnawa. Na kira dillali, ya ce shi sayarwa ce tasa. Mutum mai rai bai amsa ba sai bayan azahar, lokacin da gari ya waye a ƙasarsu, alhali a tallarsu sun ce suna nan dare da rana. Kafin nan mun samo dabara da kanmu: a kunna intanet ɗin wayar hannu, a haɗa da laftof, a ja waya daga laftof zuwa rauta domin ta samu ta leƙa girgije ta karɓi umarnin komawa baya. A waya na riƙa bi da ma'aikatan kanti mataki-mataki, mutanen da aikinsu magani ne, ga layin masu saye a gabansu ana rubuta rasit da hannu. A Gusau babu laftof a kantin. Dole na tura yaron da ke aiki tare da ni, ya bi hanyar Funtuwa da Tsafe, hanyar da kowa ya san ba a son hawanta ba dole ba. Hankalina bai kwanta ba sai da ya kira ya ce ya isa. Wannan tafiyar ita ce ba zan yafe musu ba, domin don gudun irinta muka biya kuɗinsu tun farko.

Kada a ɗauka ina ƙin barin inji ya yi aiki ne. Wanda ya taɓa shiga na'ura hamsin ɗaya bayan ɗaya yana sauya layi guda ya san hannu ya fi inji yawan kuskure. Amma darasin nan an riga an biya kuɗinsa a duniya. Ranar 4 ga Oktoba 2021 umarni ɗaya da aka bayar yayin gyara ya katse cibiyoyin Facebook daga intanet, manhajar da ya kamata ta tare umarnin ta kasa, WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida, sai da injiniyoyi suka je cibiyoyin da ƙafarsu. Ranar 19 ga Yuli 2024 sabuntawar CrowdStrike, kamfanin manhajar tsaron kwamfuta, ta durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, aka riƙa bin kwamfutoci da hannu ana goge fayil ɗin da ya jawo matsalar. Bayan nan CrowdStrike ya ce zai riƙa sakin sabuntawa kashi-kashi, ya kuma ba kwastoma ikon zaɓar lokaci. Duk mai sayar da irin wannan sabis ya san labaran nan. Me zai hana a fara da reshe ɗaya, a jira a ga ya dawo, sannan a wuce na gaba? Manyan kwamfutocinmu na Kano da Ansible nake kula da su, manhajar da ba a biyan ko sisi, kuma ko ita tana bari ka gwada umarni ka ga abin da zai sauya kafin ya sauya, ka kuma ce a bi na'urori ɗaya-ɗaya a tsaya idan ta farko ta faɗi.

Gaskiya injiniyan da ya karɓi maganar daga baya mutumin kirki ne. Ya saurare ni, ya amsa cewa matsalar daga wurinsu take, ya turo gyara cikin makon. Har na fara saukowa, na ce a raina wataƙila uku suka cancanta. Sai takardar sabunta lasisi ta iso. Kuɗin da dala ne, a kan kowace na'ura, kowace shekara, kuma kun san inda naira ta koma tun da aka sake ta a Yunin 2023. Ba su rage ko kwabo ba saboda asarar ranar, wasiƙar ban haƙuri kawai suka haɗo da ita. A ƙasan takardar kuma an tunatar da mu cewa idan lasisi ya ƙare aka wuce wa'adin alfarma, na'urorin za su daina wuce da data. Na'urorin da muka saya da kuɗinmu, suna kan bangonmu. Na sake tambayarsu a rubuce ko yanzu zan iya hana sabuntawar gaggawa, ko aƙalla a fara da reshen da na zaɓa. Amsar ita ce suna duba yiwuwar hakan.

Idan ofishinka ɗaya ne, ko rassanka duk suna cikin gari inda za ka hau babur ka isa, sabis ɗin zai yi maka, shafin nasu yana da kyau kuma yana da sauƙin koyo. Idan kana da reshe mai nisa, kafin ka sa hannu ka sa su nuna maka a zahiri yadda ake mayar da na'ura tsohuwar manhaja alhali babu intanet, ka kuma tabbatar sanarwarsu akwatinka take shiga kai tsaye. Ni na riga na shaida wa maigida cewa Kano da Dutse za su ƙarasa shekarar da muka biya, amma Gusau da Katsina zan cire su in sa rautar da zan iya shiga cikinta da kaina, da ƙaramin modem na daban a gefe wanda babu wanda zai taɓa shi daga waje.