Wine ko Proton: Wasan Windows a Filashi, a kan Linux

Mai son yawo da wasan Windows a filashi, yana kunna shi a Linux, yana da hanyoyi biyu: Wine da Proton, manhajojin da ke sa shirye-shiryen Windows su yi aiki a Linux. Wine, wadda aka fara a 1993, tana tattara wasan da saitinsa a folda guda ta hanyar WINEPREFIX (saitin da ke nuna mata foldar da za ta yi amfani da ita), sai dai gara a tsara filashin da ext4 (tsarin ajiyar fayiloli na Linux), domin tsarin FAT32 da exFAT ba sa riƙe mahaɗan fayiloli (symlinks) da Wine ke ƙirƙira, kuma mutum zai saka DXVK (manhajar da ke fassara umarnin zanen hotunan wasan Windows domin su yi aiki a Linux) da hannunsa. Proton, wadda kamfanin wasanni na Valve ya fitar a 2018, ta zo da DXVK a haɗe, amma domin Steam, dandalin wasanni na Valve, aka gina ta. In dai yawo ne manufa, Wine nake zaɓa, ko da ranar farko ta ci lokaci.