Yaya, ga labarin kasuwar Lahor

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kana lafiya, da su Hajiya da yara da mutanen shago. Ya kasuwa? Ka ce in daina turo maka hotunan masallatai, in gaya maka abin da ake saye da sayarwa a garin nan da yadda zama yake. To ga shi, sai ka yi haƙuri da tsawonsa.

Lahor shi ne babban birnin lardin Punjab na Pakistan, mutanensa sun haura miliyan 13. Yana da tsohon gari mai ƙofofi 13, amma Turawan Ingila sun rushe ganuwar tun zamanin mulkinsu, ƙofofi shida ne suka rage a tsaye. Ta Ƙofar Delhi nake shiga in za ni kasuwar yadi ta Azam, wadda ita ce Kwarinsu. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, dila sai a kai ko a baro, shago kan shago har sama. Abin da ya fi ci mini rai, Yaya, shi ne yawancin yadin da ke ciki a ƙasar aka saƙa shi. Audugar daga kudancin Punjab take, wajen Multan da Bahawalpur, masaƙun kuma suna Faisalabad, tafiyar kamar awa biyu daga nan. Ɗan kasuwa yana iya buga waya da safe ya ce a sake masa launi, a sati ya ga kayansa. Mu kuwa tun da masaƙun Sharaɗa da Bompai da na Kakuri suka durƙushe, sai jiran kwantena daga Sin.

Game da abin da za ka iya sarowa, kar ka yi gaggawa da yadin matansu da suke kira lawn. Auduga ce marar nauyi, mai daɗi a zafi, amma falle uku ake sayar da ita, na riga da na wando da mayafi, kuma an buga adon wuya da na ƙasan riga daidai da ɗinkinsu. Telan da zai fitar da riga da zani daga ciki zai sha wahala. Mayafan kaɗai na san za su tafi a Kwari. Yadin maza kuma yana da kyau ga kaftanin yau da kullum, ba ya yamutsewa, sai dai babu ƙyallin da mutanenmu ke nema a shadda. Ba su san babbar riga ba balle su saƙa mata.

Telolinsu halinsu ɗaya da namu. Azumi na rabawa sun daina karɓar ɗinki, wanda suka karɓa ma sai daren Salla. Bambancin shi ne nan an samo musu kishiya: kamfanoni irin su Khaadi da Sapphire suna sayar da ɗinkakkun kaya a manyan kantuna kamar Emporium da Packages, 'yan mata kuma ta waya suke zaɓa a kawo musu har gida. Telan layinmu ya ce mini yanzu rabin aikinsa rage tsawo ne da matse hannun kayan da wani ya ɗinka.

Wanda zamani bai taɓa ba shi ne mai gurasa. Kowace unguwa da tanderunta, irin na masu gurasar Jakara, amma an binne shi cikin dakali, mai gashin yana zaune a bakinsa ya tanƙwashe ƙafa. Yaro na gefe yana curawa, shi kuma ya faɗaɗa curin tsakanin tafukansa, ya ɗora a kan wani ɗan matashi na tsumma, ya zura hannu ya manna a bangon tanderun. Kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ya sa ƙarafa biyu masu tsawo ya zaro ta tana tururi. Mai mota da mai baro layi ɗaya suke bi, kowa da ƙyallen naɗewa a hannu. Gwamnati ce ke yanka farashinta da nauyinta, kuma ƙarin rupi biyu kan gurasa magana ce da ke hawa kanun labarai. Madara ma har yanzu mai babur ne ke kawo ta da asuba cikin manyan tuluna na ƙarfe, ta ɓauna ce, ta fi ta shanunmu maiƙo, kodayake kullum matan gida suna zargin an tsula mata ruwa. Kai da ƙafa kuwa, da mu sai dare ko bayan Layya, su da shi suke karya kumallo.

Wajen sufuri sun yi mana nisa, babu gardama. Tun 2013 akwai doguwar bas mai titinta ita kaɗai, kilomita 27 daga Gajjumata zuwa Shahdara. A Oktoban 2020 aka buɗe jirgin ƙasa na cikin gari, Orange Line, da 'yan Sin suka gina, mai tasha 26, da sanyi a ciki da ɓangaren mata. Kuɗin shiga bai kai na kofin shayi ba saboda gwamnati na cikasawa. A ƙarƙashin gadojin kuma adaidaita sahu ne da wani babur da aka jona wa kujerun mutum shida, suna ta hayaƙi. Keken doki da tsofaffi ke ba da labari ya kusa ɓacewa. Inda muka fi su shi ne biyan kuɗi. Suna da Easypaisa da JazzCash na tura kuɗi ta waya, amma ƙaramin ɗan kasuwa ya fi son tsaba a hannu, ba kamar gida ba da mai shayi ma ke da lambar asusu manne a teburinsa.

Gas na girki ta bututu yake shigowa gidaje, sai dai da sanyi ya kama ƙarfinsa yake raguwa, da safe wutar murhun ta yi ta lumshewa. Lantarki ya fi namu zama amma takardar kuɗinsa na sa magidanci hawan jini, shi ya sa rufin gidaje ya cika da farantan sola. Rufin nan da can dandali ne. A kansa ake bikin Basant a farkon bazara, gari duka a hau sama ana sakin tsuntsun takarda da zare, ana gasar yanke na juna. Da aka fara shafa wa zaren garin gilashi, wasu ma suna sa wayar ƙarfe, yana yanka wuyan masu babur, sai hukuma ta hana shi a 2007, ya shafe shekaru masu yawa a haramce. Akwai kuma hayaƙin Nuwamba, na ƙona karan shinkafa a gonaki da na masu gasa bulo da na motoci. A 2024 har makarantu aka rufe. Hazonmu ƙura ce, wannan yaji yake a ido da maƙogwaro.

Ka gaya wa Hajiya dokar bikinsu, za ta so ta. Tun 2016 dokar Punjab ta ce miya kala ɗaya za a kawo a wajen biki, kuma ƙarfe goma na dare a tashi. Masu zauren biki fitila suke kashewa ko an gama ko ba a gama ba. Amma kashe kuɗin bai ragu ba, ya koma kan uban amarya ne, da firji da injin wanki da gado, wani har da babur ɗin ango.

Abin da na fi jinjinawa shi ne harshensu. Mai gidan da nake haya da Punjabi yake magana da mahaifiyarsa da mai kayan miya, da shi yake faɗa da raha. Yana juyawa wajen 'ya'yansa sai Urdu, harshen ƙasar, kuma rabin samunsa yana tafiya makarantar da ake koyarwa da Turanci. Yaran suna ji amma ba sa mayarwa, in ɗaya ya yi ma sai uwar ta harare shi wai maganar ƙauye ce. Harshen mafi yawan mutanen garin ke nan, harshen waƙoƙin Bulleh Shah, wani mawaƙin Sufaye na da, da ake rerawa a wuraren ziyara, da na kiɗan da suke rawa da shi a biki, amma ba da shi ake karatun firamare ba, ba da shi ake neman aiki ba. Ga birnin Amritsar na Indiya can, kilomita kamar 50 a tsallaken iyakar da aka shata a 1947, shi ne harshen hukumar jiha. Masallacin Wazir Khan da aka gina zamanin Sarki Shah Jahan an zuba kuɗi an gyara shi tsaf domin baƙi na zuwa kallo, harshen kuwa babu mai ganin riba a cikinsa. Ban ce mun tsira ba, ka dai san gidajen 'yan'uwanmu na Abuja da yaro ke amsa sallamar kakarsa da Turanci.

Zan ba wani ɗalibi da zai dawo hutu samfurin mayafai da yadin maza, ka nuna wa masu sari tukuna kafin mu yi maganar kuɗin jirgi da na kwastan. In zai komo a haɗo ni da kuka da daddawa da yajin Hajiya. Kuɓewa akwai ta da yawa, gero ma akwai, amma a shagon masu abincin tattabaru nake samunsa, kuma har yau mai shagon bai yarda kunu nake damawa da shi ba. A gaida Baffa da kowa da kowa.